Ruwan da Ba Ya Kumfa

9 ga Janairu

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba Mai Lambu. Yaya ƙafarki, kumburin ya sauka? Ni lafiya lau, tarin da na taho da shi ma ya yi sauƙi.

Yau watana biyu a kamfanin tayil. Ina ɗakin gwaji, ina auna garin da ake shafa wa fuskar tayil kafin a gasa. Sai na cika wata shida za a ce an ɗauke ni ko ba a ɗauka ba, don haka komai sau biyu nake aunawa. Ɗakina ƙarami ne, taga ɗaya, tana kallon bangon maƙwabta. Ina kulle ƙofa, kada ki damu.

Goggo, tun da na taho hannunki nake tunawa. Zannuwan gado talatin na masaukin baƙi kowane mako, ga ruwan rijiyarmu mai zartsi yana cinye sabulu kafin ya yi kumfa, ga sabulun ya yi tsada. Cikin ƙullin da direba zai ba ki akwai farin gari kilo biyu, sunansa boraks. Muna aiki da shi a nan, na saya a wurin mai kawo mana. Yana kashe kaifin zartsi, yana fitar da wari, sabulu kuma rabin wanda kika saba zai ishe ki.

Ga yadda ake yi. Cokali ɗaya, a shafe ba a cike da tozo ba, ki narka a kofin ruwan zafi, ki juye a bokiti babba. Ki jiƙa zannuwan awa ɗaya, ba sabulu. Ki matse, sannan ki wanke yadda kika saba. Ragowar garin kina iya goge bahon wanka da ƙasan banɗaki da shi.

Daga ƙasa ake haƙo shi, ba shi da zafin bilic, amma ba a ci. Ya yi kama da sukari, don Allah kada ya kusanci madafa. Na rubuta sunansa a jikin gwangwanin, ki ajiye a sama. Kada ya shiga ido. Na haɗo da safar hannu ta roba, na san za ki ce ba kya jin zane da ita, amma ki sa. Na karanta takardar gargaɗinsa sau uku kafin in aiko, ban bar komai ba.

Ki gaishe min da Baba.

'Yarki,
Uwar Awo

10 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata Uwar Awo,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Allah ya yi miki albarka, ya tabbatar miki da aikin. Ƙafa da sauƙi, sai idan na daɗe a tsaye. Babanki lafiya, yana can cikin 'ya'yansa na leda, wato dashen lemunsa, ya fi sanin lafiyarsu da tawa.

Ke 'yar nan, ashe karatunki bai faɗi ƙasa banza ba. Zannuwan nan sun yi fari har mai masaukin ya ɗaga ɗaya yana juyawa, ya ce ko sababbi na sayo masa. Na ce in saya maka da me, da kyan fuskarka? Sandar sabulu da take yi min kwana biyu yanzu tana kai huɗu. Safar hannun na sa ta sau ɗaya, na ji kamar ina wanki da hannun wani, tana nan a rataye. Cokali kuwa a shafe nake yi, kada ki taso daga can ki zo ki auna ni. Tun kina ƙarama ke ce mai ƙirga matakala, ba banza na sa miki sunan nan ba.

Babanki ya gama auren lemu na bana, wato ɗaura idon babbar bishiya a jikin ƙananan dashe. Ya ce in gaya miki dashe ɗari huɗu da sha biyu ne suka kama, duk da ido daga uwar bishiyar nan ta bakin katanga. Wani mai gona ya yi masa magana, zai kwashe su da faɗuwar damina. Shekara biyu ke nan yana kiwonsu, ka ce jarirai. Sai dai kwanan nan yana ƙorafi wai tsofaffin ganye suna rawaya daga baki. Na ce Malam, kai ma daga baki ka fara furfura.

Garin ya kusa rabi, don na koya wa kaina goge ƙasa da shi. Idan da hali ki ƙaro.

Goggonki

16 ga Fabrairu

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Na ji daɗin takardarki, na karanta a wurin aiki ina dariya har shugabana ya ɗago kai. Allah ya ƙara wa ƙafa sauƙi. Ni lafiya, sai dai wannan makon an dawo da tayil dubu saboda launi ya bambanta. An bincika, ba daga awona ba ne, amma kwana biyu ban iya cin abinci ba.

Ga kilo biyu kuma. Maganar safar hannu ba wasa nake ba, idan fata ta tsage garin yana iya shiga.

Batun ganye, ni ba gona na karanta ba, amma zafi ya fara, kuma ƙasar leda ba ta riƙe laima. Ina jin ƙishirwa ce. Ki ce wa Baba ya ƙara musu ruwa, safe da yamma idan zai yiwu. Ruwa ba ya ɓata komai.

Direba yana jira, zan tsaya nan.

'Yarki

8 ga Maris

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama da gaisuwa. Muna nan da rai. Ƙafa ta dawo da halinta, amma ba ita ce damuwata ba.

Dashen nan sun ƙi. Mun bi maganarki, safe da yamma. Kin san rijiya ta ja baya, kin kuma san dokar gidan nan tun kina ɗaukar ƙaramin bokiti: ruwan da ya yi kumfa kwata, wanda bai yi ba duron lambu. To yanzu Allah ya kawo sauƙi, ruwan jiƙon nan naki garau yake, ba kumfa ko ɗigo, tun ranar farko bokiti biyu nake juyewa a duro kullum tare da na ɗauraya. Da kika ce a ƙara, na daina ma bi ta duro da wasu, ina kai wa uwar bishiyar bokiti guda kai tsaye, tunda ita ce babba. Na ce abin da ya fito daga ƙasa ai gida ya koma.

Duk da haka ganye sai ƙonewa yake daga gefe, kamar an bi da ashana, sannan ya zube. Sabon toho yana fitowa a murɗe. Sama da ɗari sun zama tsinke. Uwar ma ta fara zubar da ganye ta gefen rijiya.

Babanki ya ce cuta ce, kuma shi ya raba musu ita da wuƙarsa. Wai hannunsa yana rawa yanzu, ido ba ya gani sosai, ƙila ya yanko daga reshe marar lafiya bai lura ba. Yana tafasa wuƙar, yana sake tafasawa. Jiya na same shi ya miƙe hannu a gabansa yana kallo, ko zai tsaya cak.

Ga ganye biyar na sa a cikin takarda. Ku da kuke da na'ura, ki duba mana ko da magani.

Goggonki

11 ga Maris

Goggo,

Ku daina zuba ruwan jiƙo a lambu. Yau, kafin ki gama karanta wannan. Ruwan ɗauraya ma ku daina. Ku kifar da duron a kwata, nesa da saiwa, ku wanke shi sau uku.

Ki yi haƙuri ban fara da gaisuwa ba. Ina gaishe ku.

Ba cuta ba ce, kuma ba wuƙar Baba ba ce. Garin da na aiko ne. A cikinsa akwai sinadarin boron. Shuka tana buƙatarsa kaɗan ƙwarai, idan ya wuce sai ya taru a bakin ganye ya ƙone shi, kuma lemu yana cikin bishiyoyin da ba sa jurewa. Na ɗora ganyenki kusa da hoton da ke cikin littafi, ba bambanci, har ɗigon ƙaro na bayan ganyen.

Na yi lissafi. Cokalin da na gwada da shi giram goma sha huɗu yake ɗauka. A bokiti mai lita ashirin, boron ɗin ya kai miligiram tamanin a kowace lita. Lemu yana fara wahala tun kafin a kai miligiram ɗaya. Abin da ke duron ya ninka haka kamar sau goma sha shida. Wanda uwar ta sha kai tsaye, sau tamanin.

Waɗanda ke da sauran kore a jiki, a cire su daga leda, a karkaɗe ƙasar, a sa sabuwa daga wani wuri. Uwar kuma a yi ta kwarara mata ruwa mai tsabta, da yawa, don ya tura abin ƙasa da saiwa. Ban san ko zai isa ba. Ba ya wankuwa da sauri.

Goggo, ni na ɗauki bokitin nan shekara goma. Na san inda ruwan gidanmu yake zuwa. Na zauna na rubuta miki ido da baki da hannu, ban tuna da duro ba. Sannan kika gaya min ganye yana rawaya, na ce a ƙara. Takardar gargaɗin ta ce kada a zubar inda shuka take, layin yana nan, na karanta shi sau uku, na ɗauka da kamfanoni take.

Na roƙi direba ya kawo miki hannu da hannu. Na nemi izinin kwana uku an hana ni.

'Yarki

25 ga Maris

Zuwa ga 'yata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direbanmu bai zo ba mako biyu, an ce motar ta lalace a hanya, wannan ma wani mai ɗaukar buhuna na roƙa. Ko kin amsa ban gani ba, ko aiki ya sha kanki. Idan ganyen ne ba ki gane ba, ki ce ba ki gane ba, ba abin kunya ba ne.

Babanki ya tara ɗari biyu da wani abu a bayan gida ya cinna musu wuta, don kada su shafa wa sauran. Shi ya jera su da kansa, bai bari na taɓa ba. Ya aika wa mai gonar cewa ya nemi dashe a wani wuri. Wuƙar auren ya naɗe ta a tsumma ya ɗora kan kwaba. Ya ce hannu ya riga mai shi mutuwa, ba zai ƙara yanka bishiyar kowa ba.

Abinci sai na tsaya a kansa. Da safe yana ɗaukar kujera ya zauna gaban uwar bishiyar har rana ta kore shi. Mutumin da ba ya iya zama minti biyar.

Ni dai abin da zan iya nake yi. Na ƙara mata ruwa, yanzu bokiti biyu nake kai mata, ko ƙafa tana so ko ba ta so.

Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Goggonki

3 ga Afrilu

'Yata,

Takardarki ta sha ɗaya ga Maris jiya ta iso. Kwana ashirin da biyu tana cikin aljihun motar a garejin makanike. Na karanta a tsaye bakin rijiya, bokitin yana gefena a cike, na riga na ɗora hannu a kai.

Na kifar da duron. Babanki ya tambaya, na ce ɓera ne ya faɗa ciki.

Ki saurare ni da kyau. Kada ki gaya masa. Ban ba shi takardar ba kuma ba zan ba shi ba. Ke kina can, kin rubuta a takarda, amma hannun da ya zuba nawa ne. Shekara talatin da huɗu muna tare, bai taɓa ɗaga min murya ba, ban san da wane ido zai dube ni ba idan ya ji ni na kashe masa uwar da ya dasa shekarar da aka kawo ni gidan nan. Kuma ke yake alfahari da ke, duk wanda ya zo sayen dashe sai ya ji labarin 'yarsa mai awo. Ki bar masa wannan.

Cuta ta zo ta wuce, haka za a ce. Abin da ya zube ba ya kwasuwa. Damina ta kusa, ruwan sama zai wanke abin da zai wanke. Ni na raine ki, ban taɓa roƙonki komai ba sai yau.

Goggonki

7 ga Afrilu

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ƙafa, da kuma abin da na ɗora miki.

Na kwana biyu da takardarki. Na so in ce to. Na ma rubuta to ɗin, na yaga.

Ruwan sama zai rage, amma ban san nawa ba, kuma ba zan ce miki zai wanke duka ba tunda ban auna ba. Waɗanda suka rage a leda suna zaune cikin ƙasar da ke kashe su. Baba ne kaɗai ya iya sauya musu ƙasa ba tare da ya karya saiwa ba, kuma ba zai yi ba muddin yana ganin cuta ce, ƙona su zai ci gaba da yi. Uwar tana buƙatar ruwa fiye da abin da rijiya za ta bayar, sai an sayo, ba za ki iya ɓoye tankar ruwa a ce ɓera ne ba.

Wannan duk ƙarami ne. Goggo, yana zaune yana kallon hannunsa. Mu biyu mun san hannun lafiyarsa lau, ɗari huɗu da sha biyu suka kama. Idan muka yi shiru, mun ɗauki laifinmu mun rataya masa ke nan, ya yi ta ɗauka har ƙarshen ransa, don kada ya dube mu. Alfaharin da yake da ni kuwa, ba na son wanda aka saya da wannan.

Ba zan bi ta bayanki ba. Ga takarda ta biyu a ciki, an rubuta Baba a kai, ban liƙe ba don ki karanta. Na faɗi abin da ya faru da kwanan wata: na aiko gari ban faɗi inda za a zubar da ruwansa ba, aka gaya min alama na ba da amsar da ban bincika ba. Ban ce ke ba ki zuba ba, domin kin zuba. Na ce kin bi dokar gida da maganata, kuma haka ne.

Tana hannunki. Idan kin ƙona ta ba zan sake rubuta wata ba, amma idan ya tambaye ni ido da ido, ba zan ce cuta ba ce. Ki yafe min wannan tare da wancan.

'Yarki

21 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama. Ni ne babanki. Ban saba rubutu ba, ki yi haƙuri da hannun. Jikina da sauƙi. Goggonki ƙafa ta kwantar da ita kwana uku, ta tashi.

Takardarki ta yi kwana tara a wurinta. Ta miƙo min tana tsaye, ta ce ita ta zuba. Na karanta sau biyu. A cikin kwana taran nan na ƙona sittin. Ban gaya mata adadin ba, ke ma kada ki gaya mata.

Ba zan ce miki ba komai ba, domin da komai. Amma dokar kumfa ni na kafa ta, tun kafin a haife ki, kuma ni na yi wata uku ina ɗiba daga duron nan da hannuna. Shekara arba'in ina lambu, ganye ya canza, na tuhumi wuƙa da ido da tsufa, ban tambayi abin da ya canza a ruwa ba. Kowa ya ɗauki nasa.

Waɗanda suka rage talatin da ɗaya ne. Na sauya musu ƙasa, tara sun fara toho miƙaƙƙe. Wankin goggonki yanzu a bakin kwata take yi, garin kuma tana aiki da shi, ban hana ba, zannuwan ba su yi laifi ba.

Uwar ce ban sani ba. Na sa an kawo tanka biyu. Na kankare ɓawon a wuri huɗu, uku busassu ne, ɗaya ta gefen katanga da ɗan ɗanye. Idan ta tafi sai na dasa wata, kuma filin ke nan, ba ni da wani.

Direba zai ba ki ƙulli uku na ƙasa daga gindinta. Na ɗaya daga sama, na biyu zurfin kamu ɗaya, na uku kamu biyu, na ɗaura wa kowanne zare gwargwadon lambarsa. Idan ba a aunawa a wurinku, ki kai inda ake yi. Ina so in san damina nawa ƙasar nan take buƙata kafin ta karɓi lemu. Idan ɗaya ce ki ce ɗaya. Idan huɗu ce kada ki ce biyu don ki faranta min. Sabuwar uwa tana cin shekara uku kafin a yanki ido a jikinta, ni kuma shekarata sittin da takwas. Ke ki ba ni lambar, sauran lissafin ni zan yi.

Babanki,
Mai Lambu